Ƙasar Bakin Buhu

Shekara talatin da ɗaya Mai Lambu tana shiga lambunta ba ta taɓa neman iznin kowa ba, sai ga shi a makon nan an ajiye mata benci a rumfar mai faci, tsallaken titi, an ce nan ne iyakarta. Daga nan take hango kan bishiyoyinta ta saman shingen waya, mangwaro huɗu da layin lemo da wata tsohuwar gwaiba da iska ta karkatar tun shekarun baya. Dashen da ke cikin baƙaƙen ledoji kuwa, wanda da shi take ci da shi take sha, ko ganye ɗaya ba ta gani, tantin soja ya tare. Sana'arta ke nan, ta reni iri har ya yi ƙwari, masu sababbin gidaje da masu gonaki su zo su ɗiba.

Rijiya ce ta jawo mata. Dogo, ƙanin marigayi mijinta, wanda yake taya ta aikin tun kansa na baƙi, shi ya dage sai an haƙa ta biyu a can ƙasan lambun, wai bayansa ya gaji da jan tiyo. Masu haƙa ba su kai gaba biyu ba diga ta daki ƙarfe. Suka ɗauka tsohon bututun ruwa ne. Ɗayansu ya sa hannu ya share ƙasar da ke kai, wani wari ya taso, har yana dariya yana cewa wa ya binne tafarnuwa a nan. Kafin la'asar hannun ya tashi, ya yi bororo kamar ya dafa garwashi. Asibiti suka kira 'yan sanda, 'yan sanda suka kira soja, soja kuma da suka leƙa ramin suka ja da baya suka kira waɗanda suka fi su.

Harsasan igwa ne, goma sha ɗaya, kwance a jere sun ci tsatsa, ragowar wani tsohon yaƙi da ko mahaifinta labarinsa kawai ya ji. Ruwan guba ne a cikinsu. Takwas suna nan a rufe yadda aka binne su. Uku sun fara yoyo.

Manjo, shugaban aikin, mutum ne mai furfura a gashin baki, ba ya kwana-kwana a magana. Ran farko ya zauna a bencin nan ya cire hula ya gaya mata gaskiya.

"Inna, wanda yake yoyo ba a ɗaukar sa a mota, ba a kuma barin sa haka. A da, abin da muke yi, mu kawo katafila ta share wurin, mu zuba kankare mu rufe ramin da duk abin da ke kewaye da shi, mu kafa allo. Shi ke nan, fili ya zama na hukuma har abada."

"Har bishiyoyin?"

"Har bishiyoyin."

Dogo ya ce, "Rijiyar tawa fa?"

"Rufe mana baki," in ji Mai Lambu, ko kallon sa ba ta yi ba. "Kai da rijiyarka."

Amma, in ji Manjo, akwai sabuwar dabara. An samo wata na'ura da ake ɗorawa a kan manyan motoci uku, ita take zuwa inda guba take maimakon a kai mata. Guda ɗaya tak ake da ita, aro aka ba su, kuma safiyar Asabar za ta wuce wani gari inda aka tono irin waɗannan a bayan makarantar yara. In ta gama kafin nan, a cire waya, Inna ta koma ban ruwa. In ba ta gama ba, takardar katafila na aljihunsa, an riga an sa mata hannu.

Mai kula da na'urar mace ce, gajeriya mai tabarau, ba za ta girmi autar Mai Lambu ba. Injiniya kowa ke ce mata. Kowace safiya takan tsallako titi da kofinta ta sha shayi a rumfar, wai na tanti ɗanɗanon roba yake yi. Tun ran farko jininsu ya haɗu. Mai Lambu akwai tambaya, ita kuma yarinyar ba ta gajiya da bayani.

"Inna, ki ɗauka tukunya ce ta ƙarfe mai kaurin bango. Mu sa harsashi, mu datse murfi. Daga nan babu hannun mutum, na'ura ce za ta huda shi ta zuƙe ruwan ta kai tanderu, wuta ta cinye. To amma hayaƙin da ke fita ba na shaƙa ba ne, yana da kaifi, yana cin ƙirji. Sai mu tura shi ta cikin wasu dogayen akwatuna cike da ƙasa."

"Ƙasa? Ƙasa dai wannan da muke takawa?"

"Ba kowace ba. Mai alli. Ita take shanye kaifin. Ɗan abin da ya tsere mata, akwai gawayi a baya ya kama."

Mai Lambu ta jinjina kai. Abin ya yi mata daɗi fiye da yadda za ta iya faɗa. Duk injunan nan da fitilu da mutane masu rigar roba da takunkumi, a ƙarshe dai ƙasa aka koma roƙo.

"Ka ji ko, Dogo? Ƙasa. Wadda kake zagi kullum."

"Ni taki nake zagi, matar Yaya. Shi ma don kina sa ni juya shi da rana tsaka."

Ran Laraba da hantsi ƙasar ta iso daga hannun wani ɗan kwangila, cikin manyan fararen buhuna arba'in, kowanne sai da ƙugiyar mota ake sauke shi. Ba a shigar da su cikin waya ba, aka jere su nan gefen rumfar mai faci sai gobe da safe. Injiniya ta zo da safar hannu da cokali da 'yar kwalba. Ta kwance bakin buhu, ta ɗebi cokali ɗaya, ta ɗiga ruwan kwalbar, ƙasar ta taso da kumfa, ta yi alama a takarda. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya har arba'in, ba ta tsallake ko guda ba, gumi na ɗiga daga haɓarta. Mai Lambu na kallo, ta ce a ranta, yarinyar nan akwai himma, sai dai da gani ba ta taɓa sayen hatsi a buhu ba. Tunanin ya zo ya wuce. Kayan hukuma ne, ai ba kasuwa aka zo ba.

Bayan azahar rana ta juyo ta shigo rumfar, sai ta ja bencinta zuwa inuwar buhunan ta jingina baya. Tana nan tana gyangyaɗi ta ji wani abu na zubo mata a dunduniya, siriri, kamar ana tsiyayar gishiri. Ƙugiya ce ta ɗan yagi buhun daga ƙasa. Ba ta ma duba ba, hannunta ne ya kai kansa, ya ɗebo ya murza tsakanin yatsu, yadda ya saba yi wa duk ƙasar da ta shigo lambun.

Ta buɗe ido.

Ta sake murzawa. Ta ɗan tofa yawu ta dunƙula, ta buɗe hannu, abin ya warwatse. Ta miƙe ta kwance bakin buhun ta ɗebo ta sama. Fara-fara ce, laushi kamar gari, tana manne wa fata. Ta ƙasan kuwa yashi ne, yashin gini, irin wanda ake jibgewa a bakin hanya.

Mai faci yana can ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Ta ɗauki wani guntun siririn bututu daga tarkacensa, ta zaga bayan layin inda ba a hango ta daga tanti. Ta soka a cikin buhu na biyu ta zaro. Yashi. Na bakwai ma yashi. Ta taka har ƙarshe ta soka wa na arba'in, sama da tsakiya da ƙasa. Daga baki zuwa kamar kamu ɗaya ƙasar kirki ce, daga nan har gindi babu komai sai yashi.

Nan Dogo ya same ta, ya dawo daga cin abinci yana sakace. Ta buɗe masa tafin hannu. Bai buƙaci bayani ba, shi ma ya tsufa yana sauke ƙasa. Sau nawa direbobi suka kawo musu baƙa a sama, ja a ƙasa? Ya dubi hannun, ya dubi tanti, sai ya kama hannun nata ya kakkaɓe shi da kansa.

"Ba ki gani ba."

"Na gani."

"Matar Yaya, ki saurare ni, yau ɗaya dai. Ƙasar nan kwana huɗu ta yi a hanya, da kunnenki kika ji. Yau Laraba. Kina buɗe baki, ƙirga da kanki."

"Na ƙirga."

"To! Mutanen nan sun yi karatu har sun gaji. Suna da gawayi, suna da ƙararrawa, suna da fitila ja da koriya. Ke wace ce? Tsohuwa mai sayar da dashen gwaiba. Wa ya aike ki? Injiniya da kanta ta gwada ta sa hannu. In abu ya lalace, nasu ne. In ya tafi daidai, Asabar kina cikin lambunki kina yi mini masifa kamar kullum."

"In ya lalace, a ƙirjin wa zai lalace?"

"Ba zai lalace ba. Gawayi fa, aka ce akwai gawayi." Muryarsa ta sauka. "Ni na ce a haƙa rijiyar nan. Ni. Kina so in ƙarasa kwanana ina wucewa ta gaban kankare ina cewa nan Yaya ya shuka mangwaro?"

Ba ta taɓa ganin idon Dogo ya yi ja haka ba, ko ran da aka binne wansa daurewa ya yi. Ta mayar da bututun inda ta ɗauko, ta ɗaure bakin buhun yadda ta same shi. Ta koma kan bencinta.

Da yamma ta tafi gida da ƙafa. Hanyar ta bi ta bayan lambun, ta gefen da iska ke kaɗawa. An kwashe gidajen da ke kusa an sauke su a wani ɗakin taro, amma daga layi na uku mutane na nan. Teloli na kan kekunansu. Wata mata na kwashe kayan jariri daga igiya. Suka ce Inna yaya aka ji da wannan abu, Allah ya sa a gama lafiya. Ta ce amin, ta ƙara sauri.

A tsakar gidanta ta zauna kan tabarma ta cire takalmi, yashi ya zubo daga ciki. Ta tuna wurin nan yadda suka same shi ita da mijinta, juji ne, gwangwanaye da fasassun kwalabe, har mutane na cewa sun zautu. Baro-baro suka riƙa kawo ƙasa. Sai da aka shekara uku tsutsa ta farko ta fito a cikinta, kuma ran da ya gan ta ɗauko ta ya yi a tafin hannu ya kawo mata har gida, kamar ya tsinci zinariya. Ashe duk shekarun nan da yara suka yi rarrafe a wurin, aka ci aka sha aka yi barcin rana a gindin mangwaro, abin nan yana kwance a ƙarƙashinsu. Waɗanda suka binne shi ma, ta ce a ranta, ai haka suka yi. Suka rufe da ƙasa mai kyau a sama, suka kakkaɓe hannu, suka tafi gida wurin iyalinsu. Wataƙila ba mugaye ba ne ma. Wataƙila su ma wani ne ya ce musu ranar kaza za a tashi.

Amma kuma Dogo bai yi ƙarya ba. Akwai gawayi, wataƙila ya isa. Me ta sani game da hayaƙi? Ita dai ƙasa ta sani. Ta yi ta juya maganar har magariba ta yi, ba ta ga bakinta ba.

Alhamis da sassafe ta riga kowa zuwa rumfar. Mota mai ƙugiya ta zo ta tsaya tana ɗumama inji. Dogo ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin, bai gaishe ta da tsokanar da ya saba ba. Can sai ga Injiniya da kofinta, fuska a sake.

"Inna, ina kwana? Yau ce ranar fa. Ƙarfe bakwai mu cika akwatuna, ƙarfe takwas harsashin farko ya shiga tukunya."

"Lafiya lau, 'yata. Kin samu barci kuwa?"

"Ina fa! Mamana ta kira ni sau uku. Ita har yau ta ɗauka a ofis nake zaune gaban fanka." Ta yi dariya. "In ta ga inda kujerata take yau, tsakanin tanderu da akwatunan nan, sai ta zo ta ja ni da kunne."

Mai Lambu ta bari ta kurɓi shayin. Sannan ta ce, kamar hira ce kawai, "Ni kuwa in tambaye ki. In ƙasar nan ta ƙi sha fa?"

Dogo ya yi tari.

"Za ta sha, Inna. Buhu arba'in na gwada da hannuna."

"Na ce in ta ƙi. Gawayin ba zai riƙe ba?"

"Zai riƙe na ɗan lokaci. Shi na ragowa ne, kamar mai suɗe tukunya, ba a ba shi girkin duka. Ƙararrawa za ta yi kuka, mu kashe wuta." Ta juya kofin a hannunta. "Sai dai wannan shi ne abin da ba ma so. Harsashi a huje cikin tukunya, wuta a kashe, rabin guba a bututu. Sai mutum ya shiga da hannu ya kwance. Mu biyu muka san cikinta, ni da Saje, shi kuma matarsa tsohon ciki gare ta, kin ga ke nan ni ce." Ta sake dariya. "Amma me ya kawo wannan magana da sassafe? Ki yi mana addu'a kawai."

Mai Lambu ta dubi kan mangwarorin ta saman waya. Rana ta fara taɓa su. Ba ta dubi Dogo ba, amma tana jin numfashinsa.

"Ajiye kofin nan," ta ce. "Mai faci, ara mini wuƙarka."

Ta je ga buhun farko, ta sa wuƙa daidai tsayin gwiwa, ta ja. Yashi ya kwararo ya rufe musu ƙafafu. Injiniya ta durƙusa ta ɗebo, ta zaro kwalbar daga aljihu ta ɗiga. Ba kumfa. Ruwan ya nutse kawai ya bar ɗan danshi. Ta ƙara ɗigawa, ta ƙara, ba abin da ya taso. Ta karɓi wuƙar ta farke na biyu da kanta, da na uku. A na huɗu ta zauna daɓas a kan yashin ta cire tabarau.

"Arba'in na gwada," ta ce. "Arba'in, Inna. Littafin aiki ya ce ɗaya cikin biyar, ni na gwada duka."

"Kin gwada, a idona aka yi. Ba mai cewa ba ki yi aiki ba. Wanda ya rubuta muku littafin ne dai bai taɓa ciniki da mai buhu ba. Mu ta ciki muke sokawa, bakin ko kallon sa ba ma yi."

Sai a lokacin yarinyar ta ɗago ta dube ta sosai. "Tun yaushe kika sani?"

"Tun jiya bayan azahar."

Injiniya ta buɗe baki za ta yi magana, sai idonta ya kai kan shingen waya da bishiyoyin da ke bayansa. Ta gane dalili, ta sunkuyar da kai.

Manjo ya zo da sauri, ya taka yashin da takalminsa, ya faɗi wata kalma da ba a faɗa gaban manya, ya nemi afuwa. Ya koma gefe da waya a kunne. Ɗan kwangila ya kashe tasa. Can inda ake haƙo ƙasar suka ce ko yanzu aka yi lodi, sai Litinin. Masu na'ura suka ce Asabar ba ta ɗaguwa, yaran makarantar can ma 'ya'yan mutane ne. Da ya dawo, hannunsa na kan aljihun da takardar take.

"Inna, ban san abin da zan ce miki ba. Kin cece mu, ga shi kuma..."

"Na sani. Ba sai ka ƙarasa ba."

Dogo ya tashi ya juya musu baya, ya tsaya yana kallon tsofaffin tayoyin mai faci kamar zai saya.

Mai Lambu kuwa, da yake hannunta bai iya zama ba, ta kwance bakin buhun da ke kusa ta nutsa shi har gwiwar hannu tana lalube. "Ɓarawon ma bai yi rowa sosai ba," ta ce, da kanta take magana. "Kamu guda ya zuba ta kirki. Ga iyakarta nan, ina jin ta."

Injiniya ta mayar da tabarau. "Kamu guda a kowanne?"

"Waɗanda na soka dai haka suke."

Yarinyar ta zaro biro ta fara lissafi a jikin buhun. Ta soke, ta sake. Sannan ta miƙe. "Yallaɓai, in aka kwashe ta saman ba a haɗa da yashi ba, za ta ishi uku. Huɗu ban yi alkawari ba. Uku."

"Goma sha ɗaya ne a ramin."

"Uku ne ke yoyo, su ne dalilin kankare. Takwas ɗin lafiyarsu ƙalau. Muna da gangunan ƙarfe, mu rufe su a ciki mu bar su a ramin, a sa masu gadi har na'ura ta dawo."

"Ta dawo yaushe? Kin san masu jiran ta kuwa? Wata takwas, shi ma in an yi sa'a."

"To wata takwas ɗin."

Manjo ya daɗe yana murza gashin baki. Ya sake komawa gefe da waya, wannan karon ya fi daɗewa, ana jiyo shi yana ta ranka ya daɗe, ranka ya daɗe. Da ya dawo bai yi murmushi ba. An yarda, ya ce, amma Inna ta ji sharaɗi da kyau. Za a yi wa ƙofa walda. Ba mai shiga, ba abin da zai fita, ko leda ɗaya. In kuma ɗaya cikin takwas ɗin ya fara yoyo kafin na'ura ta dawo, katafila ce, babu shawara.

Wata takwas ba ban ruwa, ga rani a gaba. Ba sai an fassara mata ba. Manyan bishiyoyi za su kai, saiwarsu ta yi nisa. Dashen leda dubu shida kuwa, aikin shekara biyu, ko kwana goma ba za su yi ba.

"Na ji," ta ce. "A kawo tamfol da shebur. A'a, bar shebur, zai haɗo da yashi. Kwanuka za a kawo. Dogo!"

Bai juyo ba.

"Dogo, da kai nake. Ko so kake yaran nan su kwaso yashi su ce alli ne?"

Ya juyo a hankali yana naɗe hannun riga. "Kin kashe mana dashe, yanzu kuma ki kashe mini baya. Dama Yaya ya gaya mini, ya ce matar nan ba ta iya ganin abu ta yi shiru ba."

"Ƙarya kake. Cewa ya yi in kula da kai don ba ka da wayo."

Haka suka wuni, tsofaffi biyu a kan buhuna, hannu cikin ƙasa, sojoji na layi da kwanuka kamar masu jiran rabo. Ita ta lalubo iyaka ta ce tsaya nan, shi ya lalubo tasa ya ce ta yi rowa, akwai sauran yatsa biyu. Injiniya na bakin tamfol da kwalbarta, kowane kwano sai ta juye shi ta gwada ta ƙasan. Sau biyu ta mayar da na Dogo, ya ce an haɗa baki ne. Wajen la'asar akwatuna suka cika.

Na farko ya shiga tukunya a yammacin nan, sauran biyun ran Juma'a. Daga benci babu abin gani. Ƙara ce kawai can ƙasa-ƙasa kamar injin niƙa a wata unguwa, da wani dogon bututu da ba a ganin komai na fita daga bakinsa. Mai Lambu ta zauna tana kallon koriyar fitilar da ke kan motar tsakiya har idonta ya yi ruwa. Da aka kashe inji ran Juma'a da yamma, sai ga wata gajeriya cikin rigar roba ta fito, aka wanke ta da tiyo, ta cire takalmin roba ta juye gumin da ke ciki, ta ɗaga yatsu uku tana nuno rumfar.

Safiyar Asabar motocin suka jeru a titi, mai walda ya sauke injinsa a bakin ƙofa. Injiniya ta tsallako ba kofi, ta durƙusa ta riƙe hannun Mai Lambu da nata biyu, ta ce, "Inna." Mai Lambu ta ce ta tashi kada motar ta bar ta, kuma ta gaya wa uwarta gaskiyar inda take zama. Sannan ta tare Manjo.

"Ka ce ba mai shiga, na ji. Amma naka ai suna ciki har yanzu. Tiyo na nan a gindin tanki. Awa ɗaya nake roƙo."

Ya dubi agogo, ya dubi mai walda. Ya ciro oba-oba, rediyon hannun da suke magana da juna, daga ƙugunsa ya yi magana a ciki, sannan ya miƙa mata ya nuna mata inda ake dannawa. Dogo ya hau kan benci, da yake shi ne mai tsawo, ya dafa ginshiƙin rumfa yana leƙe. Can cikin lambun Saje ya fito daga bayan tanti da rigar roba da takunkumi, yana jan tiyo, ya nufi layukan leda.

Ta danna. "Saje, kana ji na? Bar ledojin nan, ɗana. Kada ka ɓata musu ruwa, ba za su kai ba." Ta saki, ta sake dannawa. "Wuce gaba. Ka ga ƙananan lemon da ke cikin ƙasa, goma sha biyu, masu ɗaurin tsumma a wuya? Su nake so."

"Na gan su, Inna."

"A kan ganye yake fesawa," in ji Dogo daga sama. "Kamar mai wankin mota."

"Ba a ganye ba, ɗan nan, a gindi! Ajiye bakin tiyon a ƙasa ka bar shi ya sha a hankali. In ya ƙoshi ka turo masa busasshen ganye da ƙafa, ka tara da yawa, ya riƙe sanyi."

Mai walda ya ɗaga gilashinsa zuwa goshi, ya samu taya ya zauna.

"Ya tsallake ɗaya!" in ji Dogo. "Ce masa ya tsallake na uku!"

"Riƙe ginshiƙin nan kafin ka faɗo mini, tsoho." Ta kai oba-oba bakinta. "Saje, koma baya kaɗan. Na ukun. Shi ma a ba shi."